Gaisuwar Baffa da Yaƙin Dodo

Ko da tsufa zai goge mini duk abin da na yi a Dutsin-Ma, ba zan taɓa mantawa da ranar da Baffa Haladu ya kawo mini ziyara ba. Ga shi na yi jikoki, amma har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi.

A ƙarshen shekarun tamanin ne, ba a daɗe da ba mu Jihar Katsina ba. Ina koyarwa a wata firamare a cikin gari, ina zaune a ɗaki ɗaya a gidan haya. Ni mutumin Barkiya ne, ɗan manoma, kuma duk wanda ka tambaya a lokacin zai ce maka ina da natsuwa (ni ma abin da nake faɗa ke nan). Ina neman auren Rabi, wata malama a Kurfi da muka haɗu wajen kwas. Magana ta yi nisa, an kai gaisuwa, sa rana kawai ya rage. Mahaifinta ya yarda da ni, sai dai a gidansu ba a yanke komai sai da Baffa Haladu, yayan mahaifin nata, kuma waliyyinta. Manomi ne a Birchi, yana taɓa harkar shanu. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, ya dube ni daga hula har takalmi irin duban da ake yi wa sa kafin a taya, ya amsa gaisuwata a taƙaice.

Maƙwabcina a gidan hayar shi ne Mista Bitrus, mutumin Filato, ma'aikacin ofishin gona. Mutumin kirki ne, in matarsa ta yi miya sai an kawo mini. Yana da ƙane da ke aiki a jirgin ruwa a Legas, shi ya aiko masa da wata na'ura kamar ƙaramin akwati, wadda ake haɗawa da talabijin. A cusa mata kaset, a riƙe wani ɗan madanni na roba mai doguwar waya, sai ka ga wani ɗan mutum a cikin talabijin yana bin umarnin yatsunka. Mista Bitrus ya ce sunanta gem. Ranar farko na kalla na ce masa, "Wannan ai aikin yara ne." Ya miƙo mini madannin ya ce, "Malam, taɓa ka ji." Ban tashi daga wurin ba sai da aka kira la'asar.

Labarin cikin kaset ɗin mai sauƙi ne. Wani dodo mai fukafukai ya sace gangar da ake kiran ruwan sama da ita, gari ya bushe, sai aka tura wani ɗan saurayi da bai fi tsawon babban yatsana ba, da takobi da garkuwa, ya je ya karɓo. Ni ɗan manoma, maganar ruwan sama kaɗai ta isa ta sa na ɗauki abin da zafi. Sai ka ratsa daji, ka shiga kogo, ka nemo makulli, ka buɗe ƙofa, ka tarar da wata ƙofar. Akwai wata tsohuwa a bakin rafi mai ba da magani a kwalba. Akwai ƙwarangwal masu tafiya, da jemagu da ba su da aikin yi sai kai. A saman allon akwai wani jan layi, shi ne ranka, duk dukan da ka sha sai ya ragu. Ga wani kiɗa siriri da ke bin mutum har cikin aji, ina rubutu a allo ina jin sa a ka.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin tarbiyyar yaron. Yana shiga gidajen mutane ba sallama, ya buɗe akwatunansu a gabansu, ya kwashi abin da ya ga dama, su kuma suna tsaye suna maimaita masa magana ɗaya da Turanci. Kwanakin farko, wallahi, sai na yi sallama a hankali kafin in tura shi gidan wani. Matar Mista Bitrus ta ji ni, ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Daga baya na saba, na zama ni ma ina faɗawa ɗakin mutane kai tsaye. Da ina da hankali, da tun nan na gane abin yana canza ni.

Matsalar ita ce kaset ɗin ba ya riƙe inda ka tsaya. Mista Bitrus ya ce akwai wani ɗan batiri a cikinsa da ya mutu tun a hanya. Don haka in aka ɗauke wuta, duk wahalar da ka sha ta tafi, sai ka koma bakin garin farko da takobinka na katako. Wutar Dutsin-Ma kuwa a lokacin ba ta da alkawari. Na sha isa gindin dutsen da dodon yake, sai ɗif. Kuma in ka ajiye madannin ka tashi shan ruwa, jemagu ba sa jiran ka dawo. Akwai wani ɗan ƙaramin maɓalli a tsakiya da ake dannawa a fara wasa. Ni da kaina na yanke hukuncin cewa in aka sake danna shi komai zai koma farko, saboda haka nake kaffa-kaffa da shi. Ban tambayi kowa ba (malami ne ni, ni ake tambaya).

Ana cikin hutun makaranta, lokacin bazara, Mista Bitrus ya tafi gida da iyalinsa bikin ƙanwarsa. Ya kawo talabijin da na'urar ɗakina ya ce in ajiye masa. Na ɗora su kan tebur a gefen ƙofa, suna kallon cikin ɗaki.

Ranar kasuwa ce. An kawo wuta tun da hantsi, kuma ta ƙi tafiya. Na zauna a tabarma daga ni sai singileti, na wuce daji, na wuce kogo, na hau dutse, na buɗe ƙofar ƙarshe wadda ban taɓa ganin bayanta ba. Sai ga dodon. Ya cika rabin talabijin, yana aman wuta. Na gane dabararsa: sai ka yi ta zagaye, in ya sunkuyo da kai ka sare shi a wuya, ka gudu. In ka tsaya ko na ƙiftawar ido ne, ka ƙone. Na sare shi, na sake sara, har launinsa ya fara canzawa.

"Salamu alaikum."

Na san muryar.

Yanzu na san abin da mai hankali zai yi. Zai kashe talabijin, ya sa riga, ya fita da gudu ya tari baƙonsa. Ni ga abin da na yi: da hannu ɗaya na rage murya har ƙasa, na fizgo babbar rigata daga jikin ƙusa na zura ta ka, madannin yana ciki, yatsuna ba su daina aiki ba. Na ja wayar ta bi gefen tabarma, na durƙusa a kanta. Sannan na ce, da murya irin ta salihai, "Wa alaikumus salam. Bismillah, a shigo."

Baffa Haladu ya shigo, dogo, da rawani da sanda. Daga rana ya fito, ɗakin da duhu-duhu, bai ko kalli tebur ba. Ya zauna a buzun da ke kusa da ƙofa, ya ba talabijin baya. Wato fuskarsa tana gabana, dodo yana saman kafaɗarsa ta hagu. A raina na ce Allah ya yi mini gyaɗar dogo.

"Baffa, ina wuni? An zo lafiya?"

"Lahiya lau, Malam. Na zo kasuwa ne na ce bari in biyo in ga wurin zamanka."

"Madalla. Ya hanya? Ya mutanen gida?"

Ka'ida ita ce in sunkuyar da kai, ba a kallon suruki ido cikin ido. Sai na sunkuyar, amma idanuna suka yi sama, ta ƙarƙashin gira, suna kallon bayansa. Kuma ni ban san haka nake ba sai daga baya: ashe in ina wasan nan duk jikina ne ke yi. In yaron ya kauce hagu sai kafaɗata ta bi shi. In zai yi sara sai in cije leɓe. Hannuwana a cikin riga suna ta motsi kamar an kulle kaza a buhu. Ga zafin bazara, ga babbar riga, zufa tana ɗiga daga haɓata.

"Ya shanu, Baffa?"

"Sun gode Allah."

"Ya mutanen gida?"

"Ka tambaya, Malam. Lahiya lau suke."

Ya ƙura mini ido. Sannan ya ce, a hankali, "Ya aikin naku?"

Na ce, "Saura kaɗan."

Ban san na faɗa ba sai da na ji shi a kunnena. Na yi maza na ce ina nufin hutun ne ya kusa ƙarewa. Ya gyaɗa kai. Randa tana kusurwar ɗaki, mutumin nan ya taho daga Birchi cikin rana, amma ko ruwa ban tashi na ba shi ba. In na tashi waya za ta fito. Ya kalli randar, ya kalle ni, ya ce, "Zauna abinka, kada ka wahalar da kanka." Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, na ce lallai dattijon nan yana da sauƙin kai.

Bai daɗe ba ya ce, "To, mu yi addu'a." Ya ɗaga hannuwa.

Nan dabara ta ƙare. Ba a yin addu'a da hannu cikin riga. Na saki madannin a kan cinyata, na fito da hannuwa, jiƙe da zufa suna rawa. Baffa yana roƙa mana zaman lafiya da zuriya ta gari, ni kuma ta tsakanin yatsuna ina kallon yarona ya tsaya cak a gaban dodo kamar wanda ya zo karɓar saƙo. Dodon ya ja numfashi. Jan layin ya ragu, ya ragu, ya ƙare. Amin ɗin da na ce ba ta fito kamar amin ba, wani nishi ne ya fito, kuma (wannan ban taɓa gaya wa 'ya'yana ba) har da ƙwalla.

Baffa ya shafa, ya miƙe. Na yunƙura zan raka shi, ya ɗora mini hannu a kafaɗa ya ce, "Yi zamanka. Allah shi ƙara sauƙi." Ya fita.

Na ɗauka sauƙin rayuwa yake nufi. Har na yaba wa kaina, na ce ba kowa ne zai iya haɗa gaisuwar suruki da yaƙin dodo ba tare da an gane ba.

Da na je Kurfi zance a ƙarshen mako, Rabi ta fito ba fara'a. Ta zauna nesa da inda ta saba, ta gaishe ni a gajarce.

"Malam, tambayarka zan yi, kuma don Allah kada ka ɓoye mani. Kana da wata lalura?"

"Wace irin lalura?"

"Baffa ya ce ya same ka abin ya taso maka. Ya ce idanunka sun kafe sama, kafaɗarka tana fizga, ka kasa tashi ko ruwa ka ba shi. Ya ce ka yi ƙoƙari ƙwarai ka ɓoye hannuwanka don kada ya ga suna karkarwa. An ɗage maganar sa rana."

Ta ce ita ba ciwon ne ya dame ta ba, ciwo na Allah ne, ɓoyewar ce ta yi mata zafi. A zamanin nan kuwa in aka ce mai neman aure yana da irin wannan lalura, magana takan mutu a nan, ko da ba a faɗa maka dalili ba. Na ji tsoro na gaske. Ina son yarinyar nan, kuma ga shi zan rasa ta saboda gangar ruwan saman da ba ta wanzu ba.

Na gaya mata gaskiya, tun daga singileti har addu'a. Sannan ta ce, "Wato lafiyarka ƙalau."

"Ƙalau."

"Baffana yana gabanka, kai kana wasa."

"Dodon ƙarshe ne, Rabi."

Ta rufe fuska da mayafi. Har yau ban sani ba ko dariya take ko kuka, ta ce duka biyun ne. Da ta buɗe ta ce, "To sai ka je ka faɗa mashi da bakinka. Ni ban san ta inda zan fara ba."

Na tafi Barkiya na sami Kawuna, wanda shi ke tsaya mini a maganar auren. Na yi masa bayani har sau uku bai gane ba. Daga ƙarshe ya ce, "In ni da aka haifi uwarka a idona ban gane ba, Haladu ba zai gane ba. Sai dai a nuna mashi." Ya aika Birchi, aka shirya ranar kasuwa mai zuwa.

Suka zo su uku: Kawu, da mahaifin Rabi, da Baffa Haladu riƙe da wani ƙulli a tsumma. Mista Bitrus ya dawo daga tafiya, na roƙe shi ya zauna a matsayin mai kaya. Sai kuma aka ce babu wuta. Muka zauna. Na ba su ruwa (har sau biyu, ba wanda ya nema). Aka yi hirar damina, hirar ta ƙare. Aka yi ta farashin taki, ita ma ta ƙare. Dattawa uku suna kallon baƙin gilashi, ni ina kallon tabarma ina fata ƙasa ta tsage. Sai bayan azahar ƙwan fitila ya kama.

Kawu ya ce, "Yadda ka yi ran nan za ka yi. Sa rigar."

Na sa babbar riga. Na durƙusa a inda na durƙusa. Baffa ya koma kan buzunsa, ya ba talabijin baya kamar wancan karon, sauran suna gefe suna kallon mu duka. Mista Bitrus ya kunna. Na yi niyyar in daure in zauna kamar dutse, amma jemagu na farko suna fitowa kafaɗata ta yi nata wuri.

Baffa ya nuna ni da sanda. "Shi ne. Haka ta yi. Ga idon ma ya tafi."

Mahaifin Rabi ya ce, "Yaya, juya ka gani."

Ya juya. Ya kalli ɗan mutumin yana tsalle, ya juyo ya kalle ni. Ya sa bakin sandarsa ya ɗaga gefen rigata, ga madanni, ga yatsu, ga waya ta bi tabarma har tebur. Ya bi ta da ido daga farko har ƙarshe. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi.

"Wato ran nan ma wannan igiyar tana nan."

"Tana nan, Baffa."

"Ina yi maka addu'a kana kallon wannan."

"Na saki lokacin addu'a, Baffa."

"Madalla," in ji shi. "An gode."

Sai ya jawo ƙullin nan ya kwance. Sassaƙe ne da saiwoyi da wani gari a leda. Ya ce, ba da faɗa ba, "Ni ban ce a fasa ba. Na ce a dakata in nemo maka magani. Har rugar wani Bafulatani na je bayan Ɗantutture, a ƙafa, don an ce ya san kan abin. Na ce yaro ne mai kunya, yana fama da ciwo amma ya daure ya gaishe ni a durƙushe."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma ban sake ji ba. Da zagina ya yi da na samu abin riƙewa. Na ce, "Baffa, na tuba, a yafe mani," muryata kamar ba tawa ba. Duk wannan abin, don tsabar sabo, yatsuna suna kan madannin, don jemagu sun taso wa yaron.

Mista Bitrus ya matso ya ce, "Malam, tsayar da shi mana, manya suna magana." Ya miƙo yatsa ya danna ɗan maɓallin nan na tsakiya.

Komai ya tsaya. Jemage ya tsaya a sama da fukafukai a buɗe. Yaron ya tsaya da ƙafa ɗaya a gaba. Jan layi bai ragu ba. Ya sake dannawa, suka ci gaba daga inda suke. Ya sake tsayar da su.

Na ce, "Dama yana yin haka?"

Ya ce, "Tun daga Legas."

A nan ne Kawu ya kasa daurewa, ya fita waje yana tari. Baffa ya ɗaure ƙullinsa, ya tura mini shi gabana ya ce in ajiye, wai ba a san inda zai yi amfani ba. Har ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"Shi dodon da Kawunka ke faɗi, ka dai kashe shi?"

"A'a, Baffa. Shi ya kashe ni."

Ya girgiza kai. "Ko wannan ma ba a samu ba."

An sa rana bayan damina, aka ɗaura aure a Kurfi, Baffa ne ya ba da ita da bakinsa. Na mayar wa Mista Bitrus kayansa tun ranar da dattawan suka zo, kuma ban sake neman gangar ruwan saman nan ba. Ina jin garin yana nan a bushe har yanzu.

Abin da na koya ba shi da yawa. Duk abin da zan shiga yanzu, kafin in tambayi yadda ake fara shi sai na tambayi yadda ake tsayar da shi. Baffa Haladu kuwa, Allah ya jiƙansa, bai taɓa tayar da maganar a gaban mutane ba. Sai dai tun daga ranar har ya bar duniya, duk lokacin da na durƙusa zan gaishe shi, ko a gida ko a wajen suna ko a filin idi, ba ya amsawa nan take. Sai ya dube ni ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Malam, fito da hannuwan tukuna."